Bashin Noma Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Duk wanda ya leƙa kasuwar Shuwarin da kaka ya san yadda manomi ke zubar da gero da riɗi da araha, don ya biya bashin damina, sannan ya dawo da bazara ya saya da tsada. Ke nan ba rashin jari kaɗai ke damun manomin Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu ba. Rance ba ya amfani sai an haɗa shi da mai saye da aka yi yarjejeniya da shi tun kafin shuka, da rumbun ajiya, da malamin gona na hukumar JARDA, da takin da kamfanin JASCO zai kawo kafin ruwan farko.

Wasu za su ce an gwada: shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya bar ɗimbin bashin da ba a biya ba. Gaskiya ne. Sai dai wasu kayan noman sun iso a makare, wasu mutane kuma sun ɗauka kuɗin rabon gwamnati ne. Ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Jigawa, wadda ta nuna bashi ba inshora kasada ne. Amma manoman nan ba sa cin kuɗin adashi, domin kowa ya san kowa. To, a bi da rance ta ƙungiyoyin da manoma suka kafa da kansu, su tsaya wa juna, banki da masu saye irin su masu casar shinkafa kuma su ɗauki nasu kason na asara idan damina ta ƙi.