Ribar Noma Bayan Girbi Take: Jawabi a Taron Reshenmu na Sakaba



Kusan kowa a zauren nan malami ne da safe, manomi da yamma. Bari in fara da abin da ya same ni. Bara da kaka na sayar da buhu goma na masara domin in biya kuɗin makarantar yara. Da damina ta yi tsakiya rumbuna ya ƙare, na koma kasuwa na sayi buhu huɗu da kusan duk abin da na samu a goman. Wanda ya saye a hannuna bai taɓa riƙe fartanya a gonata ba. Ya dai san lokacin saye, ya iya ajiya, ya san inda zai kai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da mutumin nan ya fi ni da shi ilimi ne, kuma ana koyar da shi a jami'a har matakin digiri na biyu, da sunan tsara dabarun kasuwancin noma da gudanar da shi. Ɗalibinsa yana koyon lissafin abin da kadada ɗaya ta ci tun daga iri har dako, da dalilin hawa da saukar farashi, da sharuɗɗan bashin banki da inshorar amfanin gona, da rubuta yarjejeniya tsakanin ƙungiyar manoma da kamfani, da auna ko sarrafa hatsi ya fi sayar da shi tsaba riba.

Jiharmu ta ga amfaninsa, ta kuma ga illar rashinsa. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A 2016 shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, ta shiga kasuwa. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Amma sanin kowa ne cewa biyan bashin nan ya zama matsala. Kuɗi sun zo, masu iya juya su suka yi ƙaranci. Irin waɗannan kamfanoni kuwa suna ɗaukar manajoji da masu sayen kaya da akantoci. Mu tambayi kanmu: ɗan Sakaba nawa ne a cikinsu?

Hanyar ba ta da nisa kamar da. Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, inda yaro zai yi digirin farko yana kusa da gida. Daga nan akwai sashen tattalin arzikin noma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya domin karatun gaba. Mai babbar difloma ta HND yakan bi ta diflomar gaba da digiri kafin digiri na biyu. Mu masu NCE sai mun fara kammala digirin farko, kuma shekara arba'in ba ta rufe wa kowa wannan ƙofa ba.

Na san abin da ke zukatanku: albashi ba ya kai wata, rashin tsaro ya raba wasunmu da gonakinsu na nesa, ga masu digiri zaune ba aiki. Gaskiya ne. Amma wanda gonarsa ta ragu shi ya fi kowa buƙatar kada ya yi asarar ɗan abin da ya girbe. Mai wannan ilimi kuma, ko ba a ɗauke shi aiki ba, zai iya haɗa manoma talatin, ya tara kayansu, ya yi ciniki da bakinsu.

Roƙona uku ne. Na farko, a aji mu daina sa noma ya zama horon mai laifi. A darasin lissafi, mu sa yara su lissafa ribar buhun dawa daga kaka zuwa bazara. Na biyu, ƙungiyarmu ta gama-kai ta ba mamba rance da kaka, ta karɓi hatsinsa ajiya, kada ya karyar da shi. Na uku, reshe ya duba yiwuwar tallafa wa ɗan malami ɗaya da ya sami gurbin digiri na biyu a wannan fanni, da sharaɗin ya dawo ya riƙe mana littattafan ajiyar na shekara biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina roƙon shugaba ya sa batun ajiyar hatsi a ajandar zamanmu na gaba, kafin masara ta shigo gida. Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.