Zaman Birni Ba Mota: Kano, Legas, Abuja, da Haƙƙinmu a Karshi

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya)

 

An umarce ni in yi magana a kan sufuri. Galibinmu ba mu da motar kanmu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zan kwatanta birane uku da jama'armu suka sani, sannan mu duba abin da doka ta ba mu.

Mu fara da Kano. Mazaunin Fagge zai isa Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da a-daidaita-sahu ɗaya, wani lokaci ma a ƙafa. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, a-daidaita-sahu ya maye gurbinsa. Akwai cunkoso, akwai cinikin kuɗin mota, amma gida da wurin neman abinci suna kusa da juna. Sauƙin Kano ke nan.

Legas kuwa kowa ya san gosulonta. Amma a 2008 gwamnatin jihar ta ware wa manyan bas-bas na BRT hanyarsu daban, daga Mile 12 zuwa CMS, daga baya aka kai ta Ikorodu. A 2023 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2, a 2024 aka ƙara layin Agbado zuwa Oyingbo. Ku lura, 'yan'uwa, Ikorodu da Agbado wuraren kwanan talaka ne. Sufurin ya bi mutane har inda suke.

To, mu dawo gida. Abuja birni ne mai faɗin titi, wanda ya dace da mai mota. Masu gadi, leburori, direbobi da 'yan kasuwa suna kwana a bayan gari, su yi sammako su shiga. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni. A 2013 aka hana ƙananan bas-bas, wato araba, shiga can. Jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki a 2018, ya tsaya a 2020 saboda korona, ya dawo a Mayun 2024. Sai dai Idu, Kubwa da filin jirgin sama ya nufa, ba ɓangarenmu ba.

Mutumin Karshi sai ya ratsa Orozo, Jikwoyi, Karu da Nyanya kafin ya ga A.Y.A. Sau da yawa mota biyu ko uku zai hau, kowacce da kuɗinta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda za ta rage mana wannan zagaye, tun 2011 aka ba da kwangilarta, aka shafe fiye da shekara goma ana jira. Ga fargabar ɓarayin "wan cans" ga mai fitar asuba ko mai dawowar dare. Mace mai naƙuda da ɗan makaranta su ne suka fi jin jiki.

Wani zai ce, ai mu baƙi ne, me za mu ce? Wannan kuskure ne. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Sashe na 15(3) ya ɗora wa gwamnati samar da hanyoyin zirga-zirgar jama'a da kayansu. Gaskiya ne wannan na ƙarshe yana Babi na Biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi. Saboda haka ƙarfinsa yana wajen ƙuri'a.

Karshi ɗaya ce daga mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar AMAC, kuma wanda ya yi rajista a nan yana zaɓen kansila da ciyaman, ko daga ina ya fito. Amma nawa ne cikinmu har yau katinsu yake Katsina ko Sakkwato?

Shawarata uku ce. Na ɗaya, wanda ya zauna a nan ya nemi INEC ta dawo masa da katinsa Karshi idan an buɗe rajista. Na biyu, kowane gida ya rubuta abin da ya kashe a mota na wata guda, mu haɗa mu kai wa kansila da Sakatariyar Sufuri ta Abuja, muna neman babbar bas mai tashi daga Karshi kai tsaye, a kan lokaci da farashi sananne. Na uku, mu tafi tare da 'yan ƙasa da sauran maƙwabta, ta hannun masarauta, domin mota ɗaya muke hawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ba mu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.