KIRCIN YARA: MAI SHI NE MAGANIN FARKO

Ga jawabin da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa mata a garin Kance.



Hunturu ya shigo, iska tana busar da jiki. Yanzu ne kirci yake tasar wa yara. Fata ta yi kaushi, ta yi ƙaiƙayi. Ga jariri, a kumatu yake fitowa. Ga yaron da ya tasa, a wuya, da lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa. Yaro ya kwana yana susa, uwa ta kwana ba barci.

Kirci ba ƙazuwa ba ne. Ƙazuwa ana ɗaukarta, kirci kuwa ba a ɗauka. Kada a ware yaro.

Fatar mai kirci kamar randa ce mai tsaga, ba ta riƙe ruwa. Mai shi ke toshe tsagar. A yi wa yaro wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da soso, ban da sabulu mai ƙarfi. A ɗan tsane jiki da zane mai laushi. Tun fata tana da danshi, a shafa mai a duk jiki. A shafa aƙalla sau 2 a rana, ko bayan ƙurajen sun kwanta. Nan ne uwaye da yawa suke sakaci: da sun ga sauƙi, sai su daina.

Wane mai? Basilin marar turare, ko man kaɗe mai tsabta. A shekarar 2022, likitoci a Ingila sun fitar da sakamakon gwajin mai iri 4 ga yara 550. Babu wanda ya fi wani. Ke nan ba sai mai tsada ba.

Ƙasar Kance ƙasar gyaɗa ce, amma kada a shafa man gyaɗa a fatar mai kirci. Yana iya sa jikin yaro ya ƙi gyaɗa daga baya. Man da ke sa fari kuma, wanda ake saidawa a kasuwa, yana lalata fatar yaro.

A yanke masa farce. A kula da wuta: rigar da ta sha mai tana saurin kamawa in yara suna jin ɗumi.

In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, mai kaɗai ba ya isa. A kai yaro gidan likita na Kance, ko asibitin Matamaye, a ranar.