Zaman Banza Da Ɓarnar Kuɗi Lokacin Rani

Jawabi ga Hakimai da Dagatai da malamansu na ƙasar Dutsin-Ma da ƙasar Kurfi

 Maganar nan ta aljihun talaka ce, da abin da ke huda shi tsakanin kaka da faɗuwar ruwa.

Sanin kowa ne damina a ƙasar 'Yandaka da ƙasar Maraɗin Katsina ba ta da tsawo. Ruwa yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba, a girbe gero, sa'an nan wake da gyaɗa da dawa su biyo baya. Kafin ƙarshen Disamba an gama kai amfani gida, manomi ya rataye fartanya har wajen wata biyar. Watau kuɗi na shigowa hannunsa daidai lokacin da aiki ya fita daga hannun. Wannan gamuwa ita ce tushen ɓarnar.

Abin ba sabo ba ne. Zamanin da Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ke sayen gyaɗa da auduga, da an buɗe ciniki sai kalankuwa ta tashi, da dambe, da kokawa, maroƙa su cika gari, 'yan karta su shimfiɗa tabarma bayan kasuwa. Amma a wancan lokaci haraji da jangali na jiran kowane mai gida, tilas ya ware nasu tukuna. An soke su a 1979, ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, hukumomin ciniki kuma aka rushe su a 1986. Talaka ya sami sauƙi, ba shakka, sai dai yau ba mai tsare masa kuɗinsa in ba kansa ba.

To, yaya kuɗin ke tafiya? Ba a rana ɗaya ba. Mutum ya yi sallar asuba, ya karya kumallo, ya duba ba inda za shi. Zaman zaure ya ishe shi, sai ya nufi teburin mai shayi, ba don yunwa ba, don dai ya sami abokin hira. Daga nan a sayi goro, a sa wa waya kati. Ran kasuwa ya hau babur zuwa Dutsin-Ma, ba shi da abin saye, ba shi da na sayarwa, ya je kallo ne kurum, amma da wuya ya komo hannu sake. Da dare samari su tafi gidan kallon ƙwallo. Mafi muni ita ce cacar da ta koma cikin waya, gama ɗan karta na dā yana jin kunyar a gan shi, na yanzu kuwa yana kwance a ɗakinsa, mahaifinsa na tsammani barci yake yi. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 gari ya ƙara cika da kantuna da masu abinci. Alheri ne ga 'yan kasuwa, amma ga wanda ya zo kashe lokaci, kowace rumfa ƙofa ce ta fitar kuɗi. Har wa yau, wanda ya biya ta waya ba ya jin zafin rabuwa da kuɗi kamar wanda ya ƙirga su da yatsunsa.

In kuɗin hannu suka ƙare, sai a juya kan rumbu. Yau tiya biyu, jibi tiya uku, duk a lokacin da hatsi ya fi araha. Bazara ta yi, mai gidan nan ya koma kasuwa yana awon irin dawar da ya sayar, da tsada, ga kuɗin taki ba su samu ba. Sai bashi, wanda za a biya da amfanin da ba a ko shuka ba tukuna. Da yawa daga cikin ƙararrakin jinginar gona da rikicin ci da sha tsakanin miji da mata, waɗanda ke zuwa gaban Hakimi da damina, a inuwar rani aka haife su.

Kada a ɗauka ana zargin hutu. Wanda ya sha rana wata shida ya cancanci ya miƙe ƙafa, biki da zumunci kuwa ba ɓarna ba ne. Akwai kuma waɗanda zaman ya zame musu dole, domin ɓarayin daji sun raba su da gonakinsu na nesa. Waɗannan taimako suke bukata, ba faɗa ba.

Wa'azi kaɗai ba ya tsare kuɗi a hannun mai zaman kashe wando. Abin da ke tsare su biyu ne: hannu ya sami abin yi, kuɗi kuma su koma siffar da ba ta kasuwa da sauƙi. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a 1983, tana nan kusa, ga kuma fadamu. Mai bin tumatir da albasa da ban ruwa safe da yamma ba shi da sukunin zaman shayi. Wanda ya sayi rago ya ɗaure don Babbar Salla ya sami aiki, ya kuma sami asusu, domin ba a yankar ƙafar rago a sayi kati. Mata sun riga maza gane wannan, da adashinsu da awakinsu. Kai taki gona, da yaɓen ɗaki, da gyaran rumbu, da gayyar gyaran hanya da rijiya, duk ayyukan rani ne da Dagaci ke iya sa musu rana, ya kira samari.

Ana roƙon malaman Hakimai su ƙara abu guda cikin littafinsu. Duk ƙarar bashi ko jingina da ta zo, a rubuta watan da aka ci bashin, da watan da hatsin gidan ya ƙare, ƙauye ƙauye. Kafin kaka mai zuwa sai a kai wa Hakimi, ya ga Dagatan da ya kamata ya fara kira.