Injin Ma Yana Numfashi: Daga Shirin Direba da Motarsa

 

Wani direba daga Gidar ya aiko mana da kuka. Yana da Toyota Carina da yake jigila da ita zuwa Garwa, ita ce abincin gidansa. Ya ce sau uku ke nan cikin wata biyar ana canza masa robar da ke tare baƙin mai a gaban inji, amma duk inda ya kwana sai ya tarar da tabo a ƙasa. Yana tambaya, kayan ne jabu ko bakanike ne bai iya ba?

To Malam, mai yiwuwa ba ko ɗaya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa yoyon nan alama ce kawai, ciwon yana wani wuri.

Ga yadda abin yake. Duk sanda mai ya kama wuta a kan fistin, ƙarfin yana tura shi ƙasa. Ringi ne ke tare wannan iska mai zafi, amma ko a sabon inji kaɗan takan sulale ta gangara ƙasa, wurin da baƙin mai ke kwance. Dole a ba ta hanyar fita. Motocin da can bututu ne kawai ake sakewa ƙasa, hayaƙin ya bi iska. Daga 1961, a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka fara sa wa sababbin motoci wani ƙaramin bawul da ke mayar da wannan hayaƙi cikin inji ya sake ƙonewa, daga baya sauran duniya ta bi. A Carina yana nan a kan murfin saman inji, da ɗan tiyo a jikinsa. Shi ne hancin inji.

Ka ɗauki tukunyar da ke tafasa ka danne murfinta. Tururin ba zai haƙura ba, zai nemi gefe. Haka inji yake idan hancinsa ya toshe: iskar za ta matsa wa baƙin mai, shi kuma ya fita ta inda ya fi rauni, ta robar gaba, ta robar baya, ta gaskit, wani lokaci har sandar awon mai ta ɗago da kanta. Ka sa sabuwar roba sau goma, sau goma za ta sake.

Me ya sa abin ya fi damun mu a nan arewa? Abu uku. Na farko zafi. A watan Maris da Afrilu Garwa takan wuce digiri 40, baƙin mai ya tsinke, tiyo ya bushe ya tsage. Na biyu ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara. Idan matatar iska ta yage, ko yaron mota ya cire ta wai don mota ta ƙara gudu, ƙurar nan tana cin ringi kamar yadda dutsen niƙa ke cin gero. Na uku jinkirin juye. Baƙin man da ya daɗe yana zama kamar kwalta, shi ne ke liƙe bawul ɗin.

Kafin ka biya kuɗin kwance inji, ga abin da za ka duba da kanka. A fara wanke injin tsaf, a yi ɗan tafiya, sannan a nemi wuri mafi tsawo da mai ya jiƙa, domin mai ƙasa yake gangarowa, inda ya ɗiga ba lallai nan ne ya fito ba. Sai ka duba sandar awo. Wasu suna cika mai ya wuce layin sama, suna ganin gata suka yi wa mota, alhali matsi suka ƙara mata.

Daga nan, inji ya yi zafi yana aiki a tsaye, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. Ka tattare hannun rigarka tukuna, fanka da bel ba su san mai gida ba. Idan murfin ya zauna yana ɗan rawa, da sauƙi. Idan yana tsalle, hayaƙi na bugowa fuf-fuf kamar zugazugin maƙeri, akwai magana. Kashe mota, ciro bawul ɗin ka girgiza shi kusa da kunne. Mai lafiya yana ƙara kacau-kacau. Wanda ya yi shiru ya liƙe, a wanke shi ko a sake shi, tare da tiyonsa. Sau da yawa kuɗinsa bai kai na juye ɗaya ba.

Idan hanci a buɗe yake amma bugun bai ragu ba, ga shuɗin hayaƙi a salansa, ga mota ba ta da ƙarfi, to sai bakanike ya sa ma'auni ya gwada matsin kowace silinda. Nan ne za a san ko ringi ya ƙare. Wannan aikin ba shi da gajeriyar hanya. Mai mai kauri yana ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci.

Abu biyu nake roƙo kada a yi. Kada a toshe tiyon nan da ƙusa ko guntun itace don yana zubar da mai, wannan shaƙe inji ne. Kuma kada a lafta gam a kan gaskit, abin da ya ɓalle ciki yakan toshe rariyar famfon mai.

Masu dizal, ku ƙara kula. Injin da ringinsa ya mutu yana iya fara shan baƙin mansa, ya yi ta ruri ko an zare makulli. In haka ta faru, taka birki da ƙarfi, sa babbar giya, saki kuloci ya mutu.

Ku tuna hanyar Garwa zuwa Ngaundere ta fi kilomita 270, kuma bayan Mbe ga hawan dutse na jira. Man da ya yoyo ta baya ya jiƙa kuloci, a tsakiyar hawan nan zai nuna kansa, da fasinja cike da mota. Gara a duba a gareji da a duba a gefen dutse.

Malam na Gidar, a gwada wannan, a sanar da mu yadda aka ƙare. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.