Talauci da ƙofar jami'a: jawabi ga taron makiyaya da fataken shanu

 An ba ni damar magana kan wata tambaya da iyaye ke yawan yi mana tun da yaranmu suka fara cin jarrabawar bak: idan yaro ya nemi jami'a a Amurka kuma ya faɗa masu cewa ubansa ba shi da hali, shin wannan zai rage masa damar samun gurbi? Amsa ita ce, a mafi yawan jami'o'in, e, yana ragewa. To amma bari mu bi maganar daki-daki.

Shekara guda a babbar jami'a irin Harvard, da kwana da abinci, ta wuce dalar Amurka 80,000, wato sama da miliyan 40 na sefa. Ku ƙiyasta da kanku bijimai nawa ke nan.

Jami'o'in can iri biyu ne. Akwai masu rufe ido ga aljihu: su duba ƙwazon yaro kawai, sai bayan sun ɗauke shi su tambayi abin da gidansu ke iya biya, su cika sauran. Waɗanda ke yi wa baƙi irin 'ya'yanmu haka 'yan ƙalilan ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka bi sahu a 2022, da wasu kaɗan. A Maris 2025 Harvard ta ce iyalin da abin da suke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ba za su biya komai ba. Sai dai fa cikin masu nema 100, waɗanda take ɗauka ba su kai 5 ba.

Sauran kuwa suna leƙa aljihu. Kuɗin taimakonsu ƙayyadadde ne, in ya kusa ƙarewa, yara biyu suka zo kunnen doki, mai iya biya shi ke shiga. Mu 'yan kara wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, mai kuɗi hannu ake sallama wa kafin mai neman bashi.

Ko masu rufe idon ma, kada mu ɗauka sikelinsu ba ya karkata. A 2023 Raj Chetty da abokan bincikensa biyu sun duba manyan jami'o'i 12, suka gano cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 bisa 100 na mafiya arziki ya fi matsakaicin mai nema damar shiga da kashi 34 bisa 100, alhali makinsu na jarrabawa ɗaya ne. Dalili: ana fifita 'ya'yan tsoffin ɗalibai, da 'yan wasanni, da waɗanda makarantun masu kuɗi suka gyara wa takardu. A 2022 kuma aka kai ƙarar jami'o'i 17 bisa zargin haɗa baki wajen tsara taimako. Ya zuwa 2024 goma daga ciki sun yarda su biya dala miliyan 284, ba tare da amsa laifi ba.

Yanzu ga inda abin ya taɓa mu kai tsaye. Takardar neman taimako, wadda da yawa ke kira CSS Profile, tana tambayar kuɗin shiga da dukiyar gida. Ma'aikaci ya nuna takardar albashi, ya huta. Makiyayi fa? Dukiyarsa tana tafiya da ƙafa huɗu. Wanda ke ofis a can in ya ga shanu 60 sai ya ce mai kuɗi ne, bai san cewa a cikinsu akwai na sadakin mata, da na marayu, da na habbanaye da aka ba ka aro ba. Bai san farashin sa a ƙarshen rani daban yake da na kaka ba, bai kuma san cewa fari irin na 1984 na iya share garke a 'yan watanni ba. Saboda haka ku rubuta naku na ainihi kawai, ku yi bayanin sauran, ku adana rasit ɗin kasuwa da katin allurar dabbobi.

Kada kuma wani ya ba yaro shawarar ɓoye buƙatarsa don a ɗauke shi. Jami'o'i da yawa ba sa barin baƙon da bai nemi taimako tun farko ba ya nema daga baya. Sai ka sayar da shanun tatsa don shekarar farko, ta biyu ta zo babu abin sayarwa, yaro ya dawo babu digiri.

Akwai kuma maganar biza. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasarta, a Disamba ta ƙara da Nijar. Don haka kafin a kashe ko sisi kan kuɗin neman gurbi, a fara bincika matsayin fasfon yaro. A kuma duba na kusa: shirin Mastercard Foundation, wanda aka fara a 2012, yana ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa hali a jami'o'in Afirka, har da Ashesi ta Gana, kuma a can rashin hali yana cikin sharuɗɗan zaɓe.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.