Aikatau na Fata da Umurni a Sifaniyanci



Abin da ya tara mu yau wasali ɗaya ne tak, amma shi ne ke raba mai ladabi da maras ladabi a harshen mutanen Sifen. Wanda aikin gwamnati ya kai shi Madrid ko Malabo, in ya ce wa babba habla, ya yi masa magana kamar tsaransa. Hable ya kamata ya ce.

Mu Hausawa mun riga mun san wannan sigar. Idan muka ce "muna so ka zo", ko "Allah ya kiyaye", ko "kada ka tafi", ai ba labarin abin da ya auku muke bayarwa ba. Fata ne, ko roƙo, ko hani. Mu a wakilin suna muke nuna wannan, su kuwa a wutsiyar aikatau.

Aikatau nasu gida uku ne, watau masu ƙarewa da -ar, da -er, da -ir. Mu ɗauki hablar, yin magana. Sai mu nemo yadda mutum zai ce "ina magana", hablo, mu yanke wasalin ƙarshe, mu sa e maimakon a ɗin da gidan ya saba: hable, hables, hable, hablemos, habléis, hablen. Sauran gidajen biyu su kuma a suke ara, don haka comer, cin abinci, ya zama coma, comas, coma, comamos, comáis, coman, vivir kuma ya bi sahunsa. A lura "ni" da "shi" sigarsu ɗaya ce. Habléis kuwa a Sifen ake jin sa, mutanen Latin Amurka hablen suke cewa.

To, ga inda muka sha tuntuɓe. Bahaushe yakan ce "ina so ka yi magana", ya kuma ce "ina so in yi magana", duk da siga ɗaya. Sifaniyanci bai yarda ba. Na farko quiero que hables ne, amma in mai so shi ne mai yi, sai a bar aikatau yadda yake a ƙamus: quiero hablar. Mun daɗe muna rubuta quiero que hable muna nufin kanmu, alhali kuwa abin da muke faɗi shi ne muna so wani ya yi magana. A hani kam mun dace da su, gama no hables daidai yake da "kada ka yi magana".

Akwai kuma kalmar ojalá, wadda kullum wannan siga ke bin ta. Asalinta Larabcin Andalus ne, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 zuwa 1492, ma'anarta ta farko "da Allah zai so". Ojalá que llueva, Allah ya sa a yi ruwa.

Yanzu kowa ya ɗauki takarda ya jera mana vivir, daga viva har zuwa vivan.